A Mayar da Jirgina Ruwa

Zuwa ga ƙanena Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Yawuri da cikar kogi? Yaya ƙafar Inna Hajo? Mu nan Kuala Lumpur lafiya lau, sai zaman kulle. Na zo gidan ɗana Habibu sunan jika, korona ta mai da ni ɗan gari.

Jiya ana tsuga ruwa, Habibu ya kunna mini talabijin. Sai ga wani Bature cikin ɗan jirgi kamar ɓawon gyaɗa, shi ma ruwa na dukansa, yana fatsa. Ya kamo ƙaton kifi, wai salmon, ya shafa bayansa, ya sake shi. Na ce wa Habibu, "Wannan ba shi da masu jiransa a gida." Muka yi dariya, amma ni hannuna filafilin tuƙa jirgi yake nema.

Umaru, jirgina da na kife a gaɓa na hana kowa taɓawa, yau na janye maganar. Icen da ya saba da ruwa, rana tsaga shi take yi. Ka tura shi kogi, ka shiga. Ni ma da akwai mai tura ni, da tuni na iso.

Ka gai da kowa da kowa. A sa mu a addu'a, Allah ya buɗe hanya.

Yayanka,
Garba