Sunayen da Ke kan Murfin Kwalabe

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yara lafiya, ni ce dai na kasa zama wuri ɗaya tun rasuwar baban Auta. Kin san da faɗa muka rabu da shi ranar da ya rasu, a kan mukullin gida.

Jiya wata ɗaliba daga ɗakin binciken da yake aiki ta zo, idonta jajir. Ashe shi ke zuba musu ruwan rini a ƙananan kwalabe, ya naɗe da takardar azurfa don haske na lalata shi. Ana ɗiga shi a jinin ɓera, a sa a inji, kowane irin ƙwayar garkuwar jiki ya haska da launinsa. To maimakon sunan kowane, sai ya rubuta sunayenmu na gida a murfi, littafinsa kuma ba a gani ba. Ɓerayenta sun kai lokacin gwaji, sabon rini sai bayan wata uku. In ban gane mata wane suna ne na wane rini ba, aikinta na shekara biyu ya tafi. Ni da ko sakandare ban gama ba!

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, na je. Na zauna kan kujerarsa. Na ce ta bar Turanci, ta faɗa min halin kowace ƙwaya.

Akwai mai haɗiye duk abin da ta samu. Na ce Auta kenan. Akwai mai tara jama'a a yi faɗa, ita ta koma gefe. Ki yi haƙuri Yaya, wannan sunanki ke kai, har ɗalibar ta ƙware da dariya.

Saura biyu, “Kawu” da “Tawa”. Ɗaya mai riƙo ce, ba ta manta wanda ya ɓata mata. Na ce ba sai an faɗa ba, ni ce, “Tawa” kenan.

Ta gwada ɗigo-ɗigo, ina ta kai da kawo a baranda. Duk daidai, ban da biyun nan. Ashe Kawu ne mai riƙon. Tawa ita ce mai kwantar da sauran in faɗa ya ƙare, don kada jiki ya cutar da kansa.

Aikinta ya tsira. Ni kuwa na roƙi murfin “Tawa”, ta ce sai kwalbar ta ƙare. Zan jira.

Ki gaida yara.
Taki, ƙanwarki.