Sai China da Amurka Sun Daidaita

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Na koma unguwar Mpape da zama, can kan tudu. Ɗakin ƙarami ne, amma hawan tudun yana motsa jini.

Kin tambayi ajin gyaran waya. Har yau ba mu buɗe ba. Alhaji Surajo, mai shago a Garki da ya yi alkawarin zuba jari, ya ce a dakata. Wai China da Amurka na takara kan tsarin da wayoyin gobe za su bi, ba zai sayi na'urorin gwaji ba sai ya ga wanda ya rinjaya.

Na ce, "Alhaji, wayar da gilashinta ya fashe ina ruwanta da China?"

Ya nuna min kwalayen caja masu tsohon baki da suka yi masa kwantai, ya ce, "Malam, waɗannan ma haka aka ce min."

Yaya, na gaji. Ɗaliban da na tara suna zamewa, wasu har sun koma fasa dutse. Mashkura, wadda ta fi kowa hannu, babanta ya ce in wata ya ƙare ba a fara ba, ta koma jiran shagonsa.

Don Allah ki bi gidajen dangi ki tattaro min duk wayar da ta mutu, har tsohuwar ta Inna mai tocila, ki ba direban Funtuwa ya kawo min, ɗalibai su koyi gyara da su. Na roƙi Alhaji kwali ɗaya na cajar, ya ba ni. Ranar Asabar za mu fara a ƙofar ɗakina. In China da Amurka sun daidaita, sa same mu a nan.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninki,
Lukmanu