Injin da ya raba Gwaggo da masussuka nawa ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, barkanmu da warhaka. Mai shafi don Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu karatu, ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni matar aure ce a nan Dutse, amma asalina 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Taura. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo, yayar babana, ita ta riƙe ni. Ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji, sana'arta sussuka da shiƙa. In kaka ta yi, ita da sauran mata su wuni a masussuka suna yi wa manoma aiki, a sallame su da hatsi. Da shi ta ciyar da ni, shi take sayarwa ta kai ni makaranta har na koyi kwamfuta. Har yau tafin hannunta duk kanta ne.

Na daɗe ina aikin buga takardu a wani ofis mai zaman kansa. Bara oga ya kira ni, ya ce yanzu akwai manhajar da yake faɗa wa abin da yake so ta rubuta masa nan take, don haka in yi haƙuri. A adaidaita na taho gida ina kuka, ina cewa wane irin zamani ne wannan da na'ura za ta cire wa mutum abinci a baki. Ni da bakina na faɗi haka. Amma da aka ba ni kuɗin sallama, sai na haɗa da kuɗin awakina da na sayar, maigidana ya ba ni shawara muka sayi injin casa na hannu. Muka damƙa wa wani Malam Iliya, mutumin Ringim, yana yawo da shi ƙauye-ƙauye. Da ya tambayi inda zai fara, ni na ce ya je garinmu, har na faɗa masa manoman da suka fi yawan dami. Na gargaɗe shi kada ya bari a san mai injin, wai don kada dangi su ce a yi musu kyauta. Ban san aikin su wa injin zai ɗauke ba? Wallahi na sani, ƙin tsayawa na yi in yi tunani.

Wata rana Malam Iliya ya bugo waya yana ba ni labarin aiki, sai ya ce wasu tsofaffi na damunsu, suna bin inji da faifai suna kwashe ƙaiƙayi su sake shiƙewa, har ɗaya ta kusa sa hannu a bel ɗin da ke juya injin, ya daka mata tsawa ya kore ta a gaban mutane. Na ce ya yi daidai, kada su jawo mana magana. Ko sunanta ban tambaya ba.

Da na je ƙauyenmu ranar Juma'a na tarar da Gwaggo zaune a tsakar gida da rana tsaka, a tsakiyar kaka, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ce bana ba wanda ya kira su, aikin da suke yi kwana da kwanaki inji na gamawa kafin azahar. Sai ta sunkuyar da kai ta ba ni labarin yadda aka kore ta. Ashe ita ce. Na so a ce tsine wa mai injin ta yi, da na ji sauƙi, amma cewa ta yi shi ma abincin iyalinsa yake nema. Sannan ta kama hannuna.

“'Yar nan, an ce mai injin ɗan Dutse ne. Ke kin san mutane, ki nemo shi ki roƙe shi ya bar mana ko ƙaiƙayin ne. Ba sata muke yi ba.”

Me ya hana ni in faɗa mata a nan? Daga ni sai ita, ba mai jin mu. Sai na ji bakina yana cewa, “To Gwaggo, zan bincika.”

A hanya na kira Malam Iliya na ce daga yau ya bar musu ƙaiƙayi, in an gama ya ɗan tsakura musu tsaba. Na zaci shi ke nan na wanke kaina, ashe rami na ƙara yi wa kaina. Gwaggo ta bi gida-gida tana cewa 'yarta ce ta je har ofishin Alhaji mai inji ta yi magana. Matan da na raba da aikinsu suna aiko mini da kuka da daddawa. Duk ranar da ta ari waya ta kira ni, sai ta shi mini albarka, ta shi wa Alhajin da babu shi, ni kuma ina amsawa da amin. Daddawar nan na kasa sa ta a miya, tana nan a leda.

Yanzu ga inda aka kwana. Gwaggo ta ce mako mai zuwa za ta shigo motar kasuwa ta zo Dutse, ta ware zakaranta ɗaya tilo, dole in kai ta ta yi wa Alhaji godiya ido da ido. Na ce ya yi tafiya, ta ce za ta zauna har ya dawo, tunda ba aikin da ya riƙe ta. Maigidana ya ce mu samu wani abokinsa ya sa babbar riga ya karɓi godiyar a wuce wurin, ko ba mu kawo inji ba wani zai kawo. Na san gaskiya ya faɗa, amma wanin ba ita ta goya shi ba. Ta yaya zan tsaya ina kallon tsohuwar nan ta durƙusa wa baƙo saboda ƙaryata? In kuma na sayar da injin, me 'ya'yana za su ci, ni da ba wanda ke neman mai buga takarda yanzu? In na faɗa mata, ba fushinta nake tsoro ba, na san ta, cewa za ta yi ba komai, sai ta juya ta shiga ɗaki.

Don Allah iyaye da 'yan uwa, ku ba ni shawara tun kafin ta sauka a tasha. Me zan yi?