Durom ɗin Ƙanƙara a Ƙofar Atiku

Daren Talata, Sakkwato

Gari zafi kamar tanda, amma har yanzu sanyi bai sake ni ba.

Yau na sa abokina Sanusi, mai sayar da ƙanƙara a Ƙofar Atiku, ya cika mini durom da ruwa da ƙanƙara. Mutanen da za su ɗauke ni horon nutso ba su ɓoye mini komai ba. Nutsattsun jiragen ruwan da za mu sauka kansu suna kwance ne a gindin duwatsu, can tekun arewacin Turai, kuma sanyin ruwan yana datse numfashi. Ni kuwa ruwan gulbin Rima mai ɗumi kawai na sani.

Wallahi ina shiga ƙirjina ya kulle. Na yi wuf na fito, Sanusi yana ta dariya. Kunya ta mayar da ni ciki, na yi ta jan numfashi a hankali har jikina ya yarda.

Ina dawowa gida Inna ta ga leɓɓana sun yi fari, dole na faɗa mata.

"Bashiru, mi kaka nema cikin jirgin da ya riga ya halaka?"

Na ce, "Inna, bara da kwale-kwale ya kife da mutanen ƙauyenmu, numfashina bai kai ni ƙasa ba. So nake in koyo aikin, in dawo da shi gulbinmu."

Ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba. Sai ta turo mini kwanon tuwo ta ce, "Ci. Mai shiga ruwan sanyi ba ya zama da yunwa."

Na cinye tas.