Faifan Inna

Agege, Legas
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙanwa, ina fata ka isa Haɗeja lafiya, kasuwar kankana kuma ta yi albarka. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan jiki lafiya lau, rai ne a ɓace, kuma kai ka ɓata shi.

Na ba Idi direba takardar nan ya damƙa maka hannu da hannu, don na gaji da kira kana cewa sabis ne ba kyau.

Yaya, wa ya aike ka? Na tafi ɗaukar hoton kamu a Abule Egba, na bar maka makullin shago ka gyara min ƙofar da ke cijewa. Ƙofa kawai. Na dawo na tarar da teburina fayau, faya-fayan ajiyata guda huɗu babu ko ɗaya. Na zaci ɓarayi ne. Rahma mai ɗinki, maƙwabciyata, ita ta ce ta gan ka zaune a ƙasa da sukudireba, kana kallon bidiyo a waya kana haɗa gumi. Ka zare su daga gidajensu na roba, ka cusa su duka cikin 'yar kwamfutata. Wai ka gaji da ganin wayoyi a warwatse, faifai na neman faɗowa daga tebur, za ka ba ni mamaki. To, ka ba ni.

Da gangan fa na sayi ƙarama, saboda shagon nawa in mutum biyu sun shigo sai na uku ya tsaya a waje. Ba ta fi kwalin takalmi ba. Wanda ya ƙera ta bai yi mata wurin faifai huɗu ba, amma kai da yake shugaban masu lodi ne a kasuwar Mile 12, ba a taɓa ce maka mota ta cika ka yarda ba.

Ranar farko ta yi aiki. Kashegari ina tsaka da gyara hotunan amarya sai na ji ƙauri kamar ana ƙona taya. Na taɓa murfin na janye hannu ba shiri. Daga ciki wani abu na ta ƙas-ƙas-ƙas, can sai ta mutu ɗif. Da ta huce na sake kunnawa, faifai uku suka fito a allo, na huɗun bai fito ba.

Ukun nan aikin mutane ne, an riga an ba kowa kayansa, ko kwata suka faɗa ba zan yi kuka ba. Na huɗun shi ne baƙin nan da na rubuta INNA a jikinsa. Duk abin da na ɗauka na mahaifiyarmu, tun da na fara riƙe kyamara har rasuwarta bara, yana ciki. Tana toya waina a bakin layin dogo tana faɗa da masu saye da Yarabanci. Tana ba da labarin yadda jirgi ya kawo ta daga Gusau. Addu'ar da ta yi mana a Sallarta ta ƙarshe. Ba shi da kwafi a ko'ina, kuma ka san wayar da ke da ragowar an zare min ita a motar haya ta danfo.

Na so in buɗe, murfin ya kumbura ya ƙi motsi. Gobe zan kai ta Ikeja wurin mai gyara. Kafin nan ka rubuto ka faɗa min abin da ka aikata a ciki, kada ka ɓoye komai.

Ka gaishe da mutanen masaukinka. Allah ya ba ka lafiya, don ina buƙatarka da lafiyarka ranar da za mu haɗu.

Ƙanwarka,
Kalsum

Agege, Legas
Ranar Lahadi

Yaya Murtala,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Idi ya ce ka rame. Ban ji daɗi ba, amma ban ji tausayi ba.

Kankanar da ka aiko ta iso. Kankana, Yaya! Na tambaye ka magana, ka aiko min da manyan kankana biyu ba ko layi ɗaya na rubutu. Na ba Rahma ta raba wa masu koyon ɗinkinta.

Na kai kwamfutar wurin Mahbub, mai gyaran da na saba da shi a Ikeja. Sai da ya sa ƙarfe ya ɓanɓare murfin. Da ya buɗe sai ya kira maƙwabtansa na shago su zo su gani. Ina tsaye, mutane suka taru a kaina suna ɗaukar hoto, wani Bayarabe na dariya har da dafa bango yana tambaya ko kafinta ne ya yi aikin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bari in faɗa maka abin da ka yi, tunda kai ka ƙi faɗa. Ka cire fankar da ke ciki don ka samu wuri. Fanka, abin da ke hura mata iska! Ka jera faifan a kan juna, ciki da baya, ka ɗaure su tamau da robar tayar babur. Duk inda ka ga 'yar kafa ka yanko soson katifa ka toshe. Har ramukan da aka huda a jikin murfin ka liƙe su da kwali, wai kada ƙura ta shiga ko? Wayar da ka ƙaro don haɗa su ka lanƙwasa ta har fatarta ta tsage. Ni da na taso ina ganin aikinka na gane hannunka nan take. Haka kake yi wa kankana a mota: a shimfiɗa ciyawa, a matse, a cike kowane gurbi, kada wata ta motsa ta fashe a ramukan hanya. Lodi ka yi mata, Yaya, lodi mai kyau. To ita ba tafiya za ta yi ba, a tebur take zaune, kuma abin da ke cikinta zafi yake fitarwa, iska yake nema.

Mahbub ya ce wannan akwati faifai biyu yake ɗauka, babba ɗaya da siriri ɗaya, kowanne da mazauninsa da sarari a tsakani. Mai son huɗu ya nemi babban akwati, ko ya bar su a waje yadda na bar su. Ai da ka tambaye ni da na faɗa maka. Amma ina, tun muna yara ba ka tambaya. Ƙarfi kake sawa, abu ya shiga ko ya karye.

Ukun nan sun tsira da kyar. Na Inna kuwa soso ya narke ya manne a jikinsa, sai da aka kankare da reza. In an sa masa wuta yana juyawa ya yi ƙara ya tsaya. Akwai wani mai buɗe cikin faifai da Mahbub ya sani, ya kai masa, ya ce in yi ta addu'a. Ina yi. Ba na iya cin abinci, aiki ma na daina karɓa.

In ba za ka rubuto ba, kada ka sake aiko min da komai.

Ka huta lafiya.
Kalsum

Agege, Legas
Ranar Juma'a

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan samun sauƙi. Takardarka ta zo, na karanta.

Faifan Inna ya mutu. Mutumin ya buɗe shi, ya ce zafi ya sa allurar ciki ta goge fuskar faifan, babu abin da ya rage da za a ciro. Mahbub ya kawo min shi da kansa har shago cikin leda. Na karɓa na yi godiya, na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta.

Ka rubuto cewa ka ga sunanta a jiki, shi ya sa ka sa shi a tsakiya, ka ninka masa soso fiye da sauran. Ka ce a mota kayan da ya fi daraja tsakiya ake ba shi, inda katako ba ya gogarsa, rana ba ta dukansa. Na nuna wa Mahbub. Ya ce da a gefe ka sa shi, da ya tsira kamar 'yan uwansa, na tsakiya shi ya sha zafin sama da na ƙasa.

Wallahi da ka bar ni da zatona. Na fi son a ce ganganci ka yi, ka cusa su yadda suka zo hannunka, da sai in tsane ka hankalina kwance. Yanzu ka hana ni ko wannan. Ban yafe ba, kada ka ɗauka na yafe, kuma kada ka turo min kawu ko limami su ba ni haƙuri, ba zan saurare su ba.

Abin da zan faɗa maka ban faɗa wa kowa ba. Jiya da safe ina shara na so in tuna yadda Inna ke kiran sunana in na daɗe a waje. Kalmomin suna nan, fuskarta tana nan, muryar ce ta ƙi zuwa. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina ta lalube, babu. Ashe duk shekarar nan faifan ne ke riƙe min ita.

A duniya yanzu mu biyu ne muka ji wannan kira, kuma ka riga ni jin muryarta da shekaru. In kun gama lodi ka biyo motar Idi ka zo. Kada ka zo da tsaraba, kada ka taɓa min komai a shago. Ka zauna a kan benci kawai ka kira ni yadda take kirana, ko zan gane.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Kalsum