Layin Da Ya Haɗa Mu

Vigo, 4 ga Maris

Maigidana Amaro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya ciwon cikin nan naka? Suna ba ka abincin kirki a inda suka tsare ka? Mu nan lafiya lau.

Na ji sun kama jirginka maƙare da kifin da aka hana kamawa, na'urar da ke nuna inda jirgi yake kuma a kashe. Sai haƙuri.

Jiya wata jami'ar bincike ta zo wurin Baba da taswira. Ta nuna masa duk wuraren da jirginka ya raɓi jirginsa mai firji a tsakiyar teku, kuna juye kaya. Baba ya zuba mata gahawa yana murmushi, ya ce, "'Yata, teku ai ba gidan ubana ba ne, kowa ma yana iya tsayawa kusa da ni."

Ka tuna takardun da ya ba ka ranar bikinmu, yana rungume ka yana kiranka ɗansa? A cikinsu, kamfanin da ya mallaki jirgin da sunanka yake kai kaɗai. Sunan Baba ba ya ko'ina. Kada ka wahalar da kanka da ambatonsa.

Taka,
Sabela

Vigo, 20 ga Mayu

Amaro,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki da sauƙi.

Lauya ya ce ka gaya wa alƙali wai Baba ne ya sa ka kashe na'urar. Ni ma ina wurin da ya faɗa maka, amma ba zan tuna ba.

Jami'ar binciken nan ta dawo. Ashe ba jirgi kaɗai suke bi ba, har da wa ya san wa, wa ya auri wa. A gabana ta ja layi daga sunanka zuwa nawa, daga nawa zuwa na Baba. Ta ce muddin layin nan yana nan, babu jirginmu da zai ƙara sauke kifi a tashar nan. Baba ya juyo ya kalle ni.

Lauya zai kawo maka takardar rabuwar aurenmu. Na yi kuka, kada ka ce ban yi ba.

Ɗazu mahaifiyarka ta zo ƙofa cikin ruwan sama, da rigar sanyin da ta saƙa maka, wai in taimaka in aika. Ban karɓa ba. Bai kamata a ga wani abu ya fita daga gidan nan zuwa wurinka ba.

Ka huta lafiya. Kada ka ba da amsa.

Sabela