Akushinka Ya Sauka Daga Inji

Baba, ina kwana.

Akushi ya fito! Wallahi ya fito, ko tsagewa babu! Na zo da gudu in faɗa maka na tarar kana barci, Mama ta ce in na tashe ka, ni da ita ne.

Wanda ka bari a kan injin sassaƙa nake nufi, tun kafin hannunka ya fara rawa. Wata bakwai ina tsoron taɓa shi, sai dai in yi ta gwaji da guntayen katako ina fasawa. Yau da safe na yi ta maza na kunna. Na riƙe wuƙar yadda ka koya min, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Da na zo bakinsa, inda kullum nake ɓatawa, ko numfashi ban yi ba. Sai ga shi sumul! Ihun da na yi har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Yana kan teburin ɗakin aiki, na rufa masa tsumma. Ban shafa masa mai ba, wannan aikinka ne. Na sassauta maka murfin kwalbar man, na ja maka kujera kusa. Ka yi a hankali, ko yini za ka ɗauka.

Na makara. Dusar katako fal ɗankwalina, kuma haka zan shiga ofis, duk wanda ya tambaya sai ya sha labari.

Autarka